Ɗigon Ruwan da Muka Raina

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wani al'amari da ya auku a gidanmu a nan Kumasi cikin hunturun 2024, wanda ba don Allah ya kiyaye ba, da ta'aziyya aka zo yi mana. Hita ce, wato tankin nan mai ɗumama ruwan wanka da wutar lantarki, ta yi ta ɗiga muna kallo, har ta kusa ɗauke mana yarinya. Mun daɗe muna shawara ko mu rubuta ko mu bari, domin labarin akwai abin kunya a cikinsa. Amma da muka duba muka ga irin wannan hita ta shiga gidajen Zango da yawa, a Kumasi da Ankara da Tamale, sai muka ce gara mu sha kunyar, wani ya tsira.

Gidanmu gidan gado ne a Aboabo. Mu uku ne maza 'yan uwa muke zaune ciki da iyalanmu, tare da mahaifiyarmu Hajiya, wadda ta haura shekara 80. Na huɗunmu yana Hambog ta ƙasar Jamus, irin waɗanda mutanen ƙasar nan suke kira boga. Tun muna yara, ruwan zafi a gidanmu daga murhun gawayi yake fitowa. Mata su tashi tun kafin assalatu, su hura wuta, su ɗora tukunya, a kai wa Hajiya buta ta yi alwala, sa'an nan a surka wa yara su yi wanka su tafi makaranta. Mu maza dai mukan iske ruwa a bokiti, ba mu taɓa tambayar yadda aka yi ya yi zafi ba.

A 2013 ɗan uwanmu ya zo ganin gida, ya tarar ciwon gaɓoɓi ya matsa wa Hajiya, ruwan sanyi kuma yana tayar mata da shi. Kafin ya koma ya sayi hita mai cin lita 50, aka kafa ta a bangon makewayi, sama da kai. Lokacin ana cikin zamanin dumsor, ana kawo wuta ana ɗaukewa, har maƙwabta suna yi mana dariya wai mun sayi doki ba ciyawa. Amma hitar ta yi mana rana, domin jikinta naɗe yake da abin da ke riƙe zafi. In aka sami wuta da dare, ruwan yakan kai asuba da ɗuminsa. Hajiya ta yi ta sa wa ɗanta albarka, matan gida kuma suka sami ƙarin barci.

Tun daga farkon kafa ta, akwai wani ɗan bawul a ƙarƙashinta, a jikin bututun da ruwan sanyi ke shiga, wanda yake ɗiga kaɗan kaɗan duk lokacin da take aiki. Muka ajiye gwangwanin madara a wurin, in ya cika a zubar. Haka muka yi shekara da shekaru. Ana nan a 2021, ɗaya daga cikinmu, ba za mu faɗi ko wanne ba ne domin dukanmu mun yarda, ya ce shi ya gaji da wannan ɗis ɗis da ke hana shi barci. Ya je kasuwa ya sayo wani ɗan murfi na ƙarfe, ya naɗa masa zare, ya toshe bakin bawul ɗin tam. Ɗigo ya tsaya cak. Muka yaba masa, har muna cewa ashe muna da injiniya a gida ba mu sani ba.

A farkon Janairu 2024 sai wani ɗigon dabam ya ɓullo. Wannan karon daga ƙarƙashin tankin yake fitowa, ta gefen murfin roba da ke rufe wayoyi, kuma ruwan ja-ja ne kamar an jiƙa kanwa. Bango ya jiƙe, fenti ya fara kumbura yana ɓarewa, tsatsa ta ja layi har ƙasa. To, a nan ne laifinmu yake. Babu wanda bai gani ba a gidan nan. Babbanmu ya gani, ya ce a ransa ai na tsakiya ne ya saba da irin waɗannan ayyuka. Na tsakiya ya gani, ya ce ai shi ya biya kuɗin kwashe masai a bara, bana sai wani ya taɓa aljihunsa. Autanmu ya gani, ya ce ba zai yi gaban yayyensa ba. Matanmu sun yi magana fiye da sau ɗaya, muka ce za a duba. Abin da aka yi kawai shi ne an ɗauke gwangwani an sa bokiti. Muka lura kuma kuɗin da muke sa wa mita yana ƙarewa da wuri, amma muka ɗora laifin a kan yara da guga. Mako uku cur muna haka.

Ranar wata Talata da asuba, 'yar na tsakiyarmu, yarinya 'yar shekara 9, ta shiga ɗebo wa kakarta ruwan alwala kamar yadda ta saba. Ƙafarta ba takalmi, ƙasa kuma a jiƙe. Tana kama kan famfo sai muka ji ƙara, sa'an nan muka ji faɗuwar buta. Uwarta ta riga kowa isa, tana shirin rungumar ta, babbanmu ya daka mata tsawa ya ce kada ta taɓa komai. Autanmu ya ruga ya kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya. Allah ya sa wutar ta yar da yarinyar gefe ne, ba ta riƙe ta ba. Muka same ta zaune a ƙasa tana makyarkyata, hannunta na dama ya yi sanyi, ta kasa kuka. Muka ɗauke ta sai asibiti. Likita ya auna bugun zuciyarta, aka riƙe ta har la'asar ana dubawa, kana aka sallame mu. Ya gaya mana cewa duk wanda wuta ta ja ta hanyar jiƙaƙƙen jiki, gara a kawo shi a duba ko da ya ce ba ya jin komai, domin wutar takan taɓa zuciya ba a gani a waje ba.

Da muka dawo gida babu mai iya kallon idon wani. Hajiya ce ta fara magana. Ta dubi babbanmu, da yake ba ta faɗin sunansa, ta ce, "Babba, ruwan alwalata aka je ɗebowa. Da abin ya zo da ƙarar kwana, da wane ido zan dubi uwar yarinyar nan?" Babu wanda ya amsa.

Washegari muka kira mai gyaran famfo, wani saurayi ɗan Zango da ya koyi aikin a makarantar sana'a, ya zo tare da abokinsa mai gyaran wuta. Kafin ya taɓa komai sai da ya tabbatar wuta a kashe take, ya rufe famfon da ke kai wa hitar ruwa, ya buɗe famfon ruwan zafi domin iska ta shiga, sa'an nan ya zuƙe tankin a hankali. Ya ce lita 50 na ruwa kilo 50 ne, ban da nauyin ƙarfen, ba a sauke shi daga bango da ruwa a ciki. Yana cikin kwance bututu sai idonsa ya faɗa kan murfin nan da muka toshe bawul da shi. Ya tsaya, ya juyo ya ce, "Alhaji, don Allah wa ya yi wannan aikin?" Babbanmu ya ce, "Mu ne." Yaron ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ku yi sadaka. Abu biyu Allah ya tsare ku da shi, ɗaya kawai kuka gani."

Ya zaunar da mu a tsakar gida ya yi mana bayani, mu da muka haife shi. Ya ce ruwa in ya yi zafi ƙaruwa yake yi. Daga sanyin famfo zuwa digiri 60 yakan ƙaru da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, wato a tanki mai lita 50 ya fi rabin lita. Tankin kuwa rufe yake, kuma akwai abin da ke hana ruwa komawa baya ta bututun da ya shigo. Saboda haka dole wannan ƙarin ya sami mafita, mafitarsa kuma ita ce bawul ɗin da muka toshe. An yi shi ne ya buɗe da kansa in matsi ya kai iyaka, yawanci ba 7 ko 8, adadin kuma a rubuce yake a jikinsa. Ashe ɗigon da ya dame mu shekara takwas alama ce ta hita mai lafiya. Tun ranar da muka toshe shi, duk ɗumamawa sai tankin ya sha matsi ya saki, ya sha matsi ya saki, kusan shekara uku.

Sa'an nan ya faɗi abin da ya sa jikinmu ya mutu. Ya ce a cikin hita akwai na'urar da ke yanke wuta in ruwa ya kai zafin da aka sa mata, da wata ta biyu mai tsaron ta farkon. In duka biyun suka lalace, ƙarfen da ke ɗumama ruwa ba zai tsaya ba. Ruwan da ke cikin matsi yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, ranar da tankin ya tsage kuwa, wani sashensa zai rikiɗe ya zama tururi nan take, kuma lita ɗaya ta ruwa takan zama tururi wajen lita 1,700. Irin wannan fashewa tana rushe bango, tana cire rufi. Ɗakin Hajiya kuwa bango ɗaya ne tsakaninsa da makewayin.

Da aka sauke tankin aka buɗe, ya nuna mana cikinsa. Ƙarfe ne da aka shafe da wani abu mai santsi kamar tangaran don kada ruwa ya taɓa shi. Wannan shafi ya tsattsage, tsatsa ta shiga ta ci ƙarfen har ta huda shi kusa da ɗinkin walda. Ya zaro wata 'yar waya siririya ya ce mu duba. Wai asalinta sanda ce mai kauri ta ƙarfen magnesiyam, wadda ake sawa musamman domin tsatsa ta ci ta maimakon ta ci tankin. In ta cinye sai a sa sabuwa, ana duba ta duk bayan shekara biyu ko uku. Tamu ta shekara goma da ɗoriya babu wanda ya san da zamanta. A ƙasan tankin kuma ga laka da ɓawon farar ƙasa sun taru sun lulluɓe ƙarfen ɗumamawa. Wannan, tare da ruwan zafin da ke tsiyayewa dare da rana ana maye gurbinsa da na sanyi, shi ya sa mita take cinye mana kuɗi.

Mai gyaran wuta shi ma ya zo da nasa. Ruwan da ke yoyo ya bi ta cikin murfin roba ya jiƙa mahaɗar wayoyi, wuta ta bi ruwa ta kama jikin tankin da bututun ƙarfe har zuwa kan famfo. Ya ce ko da hakan ta faru, da wayar ƙasa tana nan, wato mai launin kore da rawaya wadda ke kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa, da ita za ta kwashe mafi yawanta. Da ya bi sawunta sai ya tarar ta tsinke tun tuni a bayan gida, inda aka yi gyaran kwata. Gidan kuma ba shi da makunnin nan mai yanke wuta da kansa da zarar ta fara bin inda bai kamata ba, wanda ake rubuta 30mA a jikinsa. Wutar gidajen ƙasar nan bolt 230 ce. Ga mutum mai jiƙaƙƙen hannu, tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, ta isa ta kashe.

Daga nan aka zo maganar kuɗi, wadda ita ce tun farko ta rufe mana baki. Na tsakiyarmu ya ce a kai tankin Suwame Magazin a yi masa walda, tun da babu ƙarfen da ya gagari mutanen can. Mai gyaran famfo ya ce, "Baba, walda kam za su yi mai kyau. Amma zafinta zai ƙone shafin da ke ciki, tsatsa ta dawo wurin da ƙarfi, kuma inda ta huda guda ɗaya, ku sani ta rarake wasu goma da ba a gani." Ya ce da yoyon daga mahaɗar bututu yake, da sai a ɗaure ko a sake zare. Da daga zoben robar da ke toshe bakin ƙarfen ɗumamawa yake, da sai a sayi sabon zobe, kuɗi kaɗan. Da bawul ne yake zuba ba tsayawa ko hita tana kashe, da sai a canja bawul ɗin, a kuma auna ƙarfin ruwan famfo. Amma in jikin tanki ya huje, magana ta ƙare. Autanmu ya kawo shawarar a sayi ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Yaron ya ce wa zai leƙa mana cikinta kafin mu biya?

Sai babbanmu ya ce a buga wa na Jamus waya. Nan Hajiya ta hana. Ta ce, "Shi ya saya, ku kuka yi wanka. In ba za ku iya ba, a mayar da ni kan murhuna. Da gawayi na yi jegonku ku huɗu, bai kashe ni ba." Maganar ta yi mana zafi domin gaskiya ce. Mun saba duk abin da ya taso a gida sai mu ɗaga kai mu dubi wanda ke waje, kamar shi a can tsintar kuɗin yake yi. Kayan da aka ba mu kyauta muka ɗauke shi marar mai shi, alhali mu ne masu shi tun ranar da aka kafa shi a bangonmu.

A daren muka zauna mu uku muka raba kuɗin kashi uku daidai: sabuwar hita, gyaran wayar ƙasa, da makunnin tsaro. Sai da muka yi mako biyar kafin kuɗin su haɗu. Cikin makonnin nan aka koma murhun gawayi, kuma muka yanke cewa mu maza ne za mu riƙa tashi muna hura wutar bi da bi, tun da sakacinmu ne ya jawo. Masu karatu, mun sha hayaƙi. Mun gane cewa gawayi ba ya kamawa da umurni, mun kuma gane abin da matanmu da iyayenmu mata suka yi shekaru suna yi ba wanda ya ce musu sannu.

Ranar da aka kafa sabuwar, mai gyaran famfo ya ƙi kunna ta sai da ya cika tankin, ruwa ya fito sosai ta famfon zafi ba tare da tusar iska ba. Ya ce in aka kunna ta babu ruwa, ƙarfen ɗumamawa zai ƙone cikin ɗan lokaci. Ya sa wa bawul ɗin siririn tiyo ya kai shi magudana, bakinsa a buɗe inda ido zai gani. Ya nuna mana ɗan hannun da ke jikin bawul ɗin, ya ce a riƙa ɗaga shi sau ɗaya a wata a ga ruwa ya fito, don kada farar ƙasa ta liƙe shi. Na tsakiyarmu ya so a rage zafin sosai saboda mita, yaron ya ce a bar shi wajen digiri 60. Ruwa mai ɗumi-ɗumi da ke kwance a tanki, tsakanin digiri 20 da 45, shi ne wurin hayayyafar wata ƙwayar cuta mai kama huhu da ake kira Lejiyonela, wadda aka gano bayan ta kashe mutane a wani taro a birnin Filadelfiya ta Amurka a 1976. Amma ya gargaɗe mu cewa ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, balle ta yaro ko tsoho. Don haka a fara zuba na sanyi a bokiti, sa'an nan a surka da na zafi.

To 'yan uwa, ga abin da muke roƙon ku. In kun ga ruwa a ƙarƙashin hitarku, abu na farko ku kashe wutarta daga babban makunni, kada ku tsaya kan ɗan makunnin bango, kuma kada ku taɓa ta ko famfonta kafin ku kashe. Na biyu ku rufe ruwan da ke shiga. Na uku ku share wurin ya bushe, ku duba da kyau daga ina ruwan yake fitowa, ku kira wanda ya san aikin a ranar, kada ku ce sai an yi albashi. Kowane irin ɗigo ne, kada ku toshe bawul. Waɗanda ke gidan haya ku gaya wa mai gida, in ya yi nawa ku bar hitar a kashe, wankan ruwan sanyi bai kai zaman makoki ba. Waɗanda kuma ke gidan yawa irin namu, ku zauna tun yau ku fid da mutum ɗaya da sunansa wanda duba ta yake wuyansa, ku kuma san yadda za a raba kuɗi kafin ɓarna ta zo. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, mu kam namu ya tsone.

Yarinyarmu ta warke sarai, tana zuwa makaranta. Sai dai har yanzu in za ta buɗe famfo takan fara taɓa shi da bayan yatsa, ta janye da sauri, sa'an nan ta kama. Duk wanda ya ga haka a cikinmu sai ya sunkuyar da kai. A bangon makewayi mun manna takarda mai ɗauke da ranar da aka kafa hitar da ranar da za a duba sandar cikinta, autanmu ne mai kula da ita. Da dare in gari ya yi tsit mukan ji ɗis ɗis daga tiyon nan, babu kuma wanda ya sake cewa yana hana shi barci.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya kiyaye gidajenmu baki ɗaya, amin. Sai wani watan in muna da rabo.